Shafi Goma Sha Shida

Malama Riquelme ta ce: mako shida,
shafi goma sha shida, mujallar kiɗa,
kuma aiki nake son gani, ba surutu ba.
Ta ja ƙofa, ta bar mu mu huɗu
da kwamfuta ɗaya mai tari kamar tsohuwar mota.

Ta taga, Valparaíso na gangarawa teku,
gida kan gida, shuɗi kan rawaya,
kamar kwanukan da aka kife cikin gaggawa.

Suna kaɗai ya cinye mana mako cur.
Gaspar ya ce Tsawa. Ximena ta ce Gishiri,
don a garin nan ko tsirkiyar jita tsatsa take yi.
Aka yi ta ja-in-ja har shayi ya huce.
Ulises ya yi barci a kan jakarsa,
Gishiri ya ci zaɓe da ƙuri'a ɗaya, tawa,
Gaspar bai sake ce mini uffan ba sai Laraba.

Ni aka ɗora wa tsara shafuka.
Da can ban san harafi na da hali ba:
wannan mai girman kai, wancan mai kunya,
wani kuwa tafe yake yana tangaɗi.
Dare uku ina tura kanun labari hagu,
ina dawo da shi dama,
tazarar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba,
uwata na cewa daga ɗaki: Maite, kashe wutar nan.

Abin da ya hana ni barci ba harafi ba ne.
Takarda bebiya ce.
Ta yaya zan zuba amo a abin da ba shi da maƙogwaro?

Bango kuma, sai da aka kusa dambe.
Gaspar na da ɗan'uwa mai ganga da rigar fata.
Mu kuwa Don Evaristo muke so,
tsohon nan mai akodiyon
da ke zama gindin matakalar unguwarmu
tun kafin a haifi iyayenmu,
gwangwanin kuɗi gabansa, jan ƙyalle a wuya.

Na durƙusa da kyamarar aro,
na ce, Don Evaristo, ɗan tsaya kaɗan.
Ya ce, in na tsaya, me za ki ɗauka?
Hoto talatin, duk hannunsa ya zama hayaƙi.
Na yi kuka a bas. Ximena ta zaɓi mafi hayaƙin.

Ranar bugu, jan tawada ya ƙare a kwafi na tara.
Ƙyallensa ya koma launin teku da safe.
A shafi na bakwai mun rubuta Ulises da kuskure,
shi da bai yi kuskuren komai ba sai barci.
Malama ta ba mu biyar da ɗigo takwas cikin bakwai,
ta zagaye gefen shafi da biro: ya matse.

Asabar na kai wa tsohon nasa.
Ya miƙa shi nesa, ya kanne ido,
ya ce rubutun nan na tururuwa ne, 'yata.
Sai ya juyo bango.
Ya daɗe yana kallon hayaƙin nan,
ya ɗora yatsa a kai:
nan ina cikin waƙar marigayiya matata,
daidai inda take hawa. Wurin da wuya.
Ga ɗan yatsana can, ya kusa makara.

Ya ja akodiyon, ya buɗe masa ƙirji,
ya kaɗa mini daidai wurin,
sau biyu.

Iska ta taso daga tashar jiragen ruwa.
Ya ɗaga gwangwanin kuɗinsa
ya danne mujallar da shi.